Juna biyu da dawowar cutar toksofilasma a ido

Toksofilasma cuta ce da ƙwayar Toxoplasma gondii ke haddasawa, wadda masana suka gano a shekarar 1908 a Tunisiya da Burazil. Ana ɗaukarta ta cin naman da bai dahu ba, ko ta ruwa da kayan lambu da kashin mage ya gurɓata. An ƙiyasta cewa kusan kashi ɗaya cikin uku na mutanen duniya na ɗauke da ita, akasarinsu ba tare da wata alama ba.

A wasu mutane ƙwayar kan kai ga tantanin bayan ido, wanda ke karɓar haske, ta haddasa kumburi, sannan ta bar tabo. Magani ba ya kashe ƙwayoyin da suka kwanta a wurin, don haka cutar kan farka bayan watanni ko shekaru, galibi a gefen tsohon tabon. Alamunta sun haɗa da gani dishi-dishi da ganin ɗigo-ɗigon baƙi suna yawo. Idan kumburin ya taɓa tsakiyar tantanin, gani na iya raguwa har abada.

An daɗe ana ɗaukar cewa juna biyu na tayar da cutar, saboda garkuwar jikin mace kan sauya a lokacin goyon ciki. Sai dai wani bincike kan mata a ƙasar Holan, wanda aka wallafa a shekarar 2014, ya nuna cewa cutar ba ta fi dawowa a lokacin ciki ba, idan aka kwatanta da sauran lokuta. Ke nan tsohon tabo a ido ba dalili ba ne na hana mace ɗaukar ciki.

Babban haɗari ga jariri shi ne uwa ta kamu da cutar a karon farko tana da ciki, domin ƙwayar na iya ratsa mabiyiya ta illata ƙwaƙwalwarsa da idanunsa. Idan kuwa tsohuwar cuta ce ta farka, garkuwar da uwar ta riga ta samu kan kare shi, kuma da wuya ya kamu. Banda matan da garkuwarsu ta yi rauni, kamar masu cutar ƙanjamau da ba sa shan magani.

Batun magani shi ne ya fi buƙatar taka-tsantsan. Ana guje wa maganin pirimetamin a watanni ukun farko, saboda yana iya nakasa ɗan tayi. Likita kan zaɓi wani maganin, ko ya yi allurar kilindamaisin a cikin ido kai tsaye. Ƙaramin kumburi da ke nesa da tsakiyar tantanin kan warke da kansa cikin makonni, a ƙarƙashin kulawar likita.

Mai cikin da ta san tana da wannan tabo ta sanar da ma'aikatan awo tun da farko, kuma ta garzaya wurin likitan ido da zarar ganinta ya sauya.