Daga Ibn Sina zuwa Claude Bernard: Tarihin Gano Daidaiton Jiki

A watan Afrilu, lokacin da zafin rana yake haura digiri 40 a Yamai da Agadas, zafin cikin jikin mai lafiya ba ya yin nisa da digiri 37. Idan hunturu ya kankama har ruwan randa ya gagari hannu, nan ma jikin yana kan ma'auninsa. Fahimtar yadda jiki yake riƙe wannan ma'auni ta ɗauki masana fiye da shekara dubu biyu.

Likitocin Yunan na dā, Buƙuraɗu da Jalinusu, sun tafi a kan cewa ruwaye huɗu ne suke tafiyar da jiki: jini, da majina, da safra'u, da sauda'u. Idan suka daidaita sai lafiya ta tabbata, idan ɗaya ya rinjayi sauran sai cuta ta bayyana. Ibn Sina ya tsara wannan ra'ayi a littafinsa al-Ƙanun fi al-Ɗibb, wanda ya kammala a shekarar 1025, inda ya yi dogon bayani a kan mizaji da i'itidali. An ci gaba da koyar da littafin a jami'o'in Turai har ƙarni na 17. Binciken baya ya rushe batun ruwaye huɗu, amma tushen maganar, wato lafiya daidaito ce, ya tsaya da ƙafarsa. Abin da ya rage shi ne sanin yadda jiki yake tsare daidaiton.

A shekarar 1775 wani likitan Ingila, Charles Blagden, ya shiga wani ɗaki da aka zafafa har ya wuce zafin tafasar ruwa. An ajiye ƙwai da nama a cikin ɗakin, suka dahu, shi kuwa ya fito lafiya, zafin cikin jikinsa bai motsa sosai ba. Gumi ne ya cece shi, domin duk lokacin da gumi ya bushe a kan fata yakan tafi da zafi.

Wanda ya ba al'amarin ginshiƙi shi ne Bafaranshe Claude Bernard, wanda ya rayu daga 1813 zuwa 1878. Ya nuna cewa hanta tana zuba sukari cikin jini ko da dabba ba ta ci abu mai zaƙi ba, sannan a 1857 ya ware sinadarin da hanta take ajiye sukarin a cikinsa. Daga irin waɗannan gwaje-gwaje ya fahimci cewa gaɓoɓinmu suna zaune ne a cikin wani muhalli na ciki, wato jini da ruwan da ya kewaye ƙwayoyin halitta, kuma tsayuwar wannan muhalli a kan hali guda ita take ba ɗan Adam damar yawo cikin zafi da sanyi ba tare da ya halaka ba.

Bayansa sai Walter Cannon na Jami'ar Harvard a Amurka. A Yaƙin Duniya na Ɗaya ya yi aiki a Faransa, yana nazarin sojojin da suka zubar da jini mai yawa har bugun jininsu ya faɗi, ya ga abin da yake faruwa idan ma'auni ya kuɓuce. A 1926 ya raɗa wa tsarin suna homiyostasis, daga kalmomin Yunananci biyu masu nufin kama da juna da kuma tsayuwa. A 1932 ya wallafa littafi guda a kansa.

Abin da waɗannan masana suka ƙara a kan magabata shi ne cewa daidaiton jiki aiki ne da ba ya tsayawa dare da rana. Wani ɗan sashe a gindin ƙwaƙwalwa yana auna zafin jini: idan ya hau sai a saki gumi, idan ya sauka sai makyarkyata ta kama mutum don tsoka ta haifar da ɗumi. Idan ruwa ya yi ƙaranci, ƙoda takan riƙe shi, fitsari ya ragu ya yi duhu, ƙishirwa ta taso. Idan sukari ya hau, sinadarin insulin yakan sauko da shi, kuma gazawar wannan aiki ita ce ciwon sukari.

Sai dai kowane mai aiki yana da iyaka. Gumi ruwa ne da gishiri, idan ba a mayar da su ba tsarin yakan gaza, kuma jarirai da tsofaffi su suka fi saurin faɗawa. Saboda haka, ya kai mai karatu, idan bazara ta yi tsanani ka miƙa wa dattijon gidanku ruwa tun bai nema ba, domin jin ƙishirwa yakan ragu da tsufa. Idan kuwa ka ga wanda rana ta buga jikinsa ya yi zafi ƙwarai, hankalinsa ya rikice, to a kai shi inuwa, a jiƙa shi da ruwa, a garzaya da shi asibiti. Allah Ya ƙara mana lafiya.