Ragamala: kiɗan da aka zana a takarda

A fadar Damagaram, in makaɗa suka buga take, mai kunne ya san wanda ake nufi tun bai ɓullo ba. Masu zanen fadojin Indiya ido suka yi wa wannan aikin: kowane salon kiɗa, da suke kira raga, sun ba shi fuska, tufafi da lokacinsa na shekara. Jerin zanen sunansa ragamala, galibi ƙananan hotuna 36: raga 6 maza, kowane da mata 5. A ƙasar Mewar, Nasiruddin ya kammala nasa a Cawand a 1605, Sahibdin kuwa a 1628; Musulmi ne su biyun, suna yi wa sarakunan Hindu aiki.

Hoton Basanta, lokacin da sanyi ya janye itatuwa suka yi fure, shi ke ba ɗalibaina wuya a Takieta. Krishna na rawa, mata na kaɗa ganga, mangwaro ya yi huda. Mu kam abin da ke bin hunturu bazara ce mai gasa tafin ƙafa, wa zai yi mata rawa? Amma da na nuna masu Megha, kiɗan gajimare, hadari ya haɗo baƙi ƙirin, ba wanda ya nemi bayani. Nan take suka ce damina ce.