Binciken Asalin Iyali ta Hanyar Intanet: Bayani ga Jama'ar Jihar Kano

Gabatarwa

Salsala ita ce jerin sunayen iyaye da kakannin da mutum ya fito daga cikinsu. A ƙasar Hausa dattawan gida da malamai da maroƙan fada su ne suka daɗe suna riƙe da wannan ilimi. A yau kuwa, kamar yadda wasu ke cika lokacin hutunsu da dara ko kiwon tattabaru ko kallon ƙwallo, haka wasu suka mai da binciken asali abin sha'awarsu, ta wayar hannu ko kwamfuta. Amfanin wannan aiki ya wuce nishaɗi, domin yana ƙarfafa zumunci, yana kuma taimakawa wajen rabon gado da neman takardar shaidar zama ɗan asalin ƙaramar hukuma. Abin da ya kamata mai bincike ya fara sani shi ne, yawancin sunayen kakanninmu ba su shiga intanet ba. Suna bakin dattawa da cikin tsofaffin takardu, intanet kuwa mataimaki ne kawai.

Dalilin Ƙarancin Bayanai

Shafukan salsala na ƙasashen Turai da Amurka sun dogara ne ga rajistar haihuwa da aure da mutuwa ta shekaru aru-aru. A Nijeriya, dokar da ta ɗora wa Hukumar Ƙidayar Jama'a ta Ƙasa alhakin rajistar haihuwa da mutuwa ta fito ne a 1992, don haka ba a rubuta ranar haihuwar yawancin kakanninmu na karkara ba. Haka kuma Hausawa ba su saba da sunan iyali guda da ake gada ba. Yaro kan ɗauki sunan mahaifinsa, ko a rubuta masa sunan garinsu a makaranta, kamar yadda ya faru ga Malam Aminu Kano da Alhaji Shehu Shagari. Suna ɗaya ma yakan zo ta fuskoki da yawa: Muhammadu da Mamman, Abubakar da Garba, Usman da Shehu. Wajibi ne mai bincike ya gwada kowanne.

Darasi Daga Fagge da Sabon Gari

Yankin da Titin Ibrahim Taiwo ya ratsa ya isa misali kan yadda asalin mazauna wuri ɗaya kan bambanta. An sa wa titin sunan Kanar Ibrahim Taiwo, gwamnan soja na Jihar Kwara, wanda aka kashe a yunƙurin juyin mulkin 13 ga Fabrairu 1976. Fagge tsohon zango ne a wajen ganuwa, inda ayarin raƙuman Buzaye da fatake ke sauka. Bayan Turawa sun ci Kano a 1903, kuma layin dogo ya iso a 1911, sai aka kafa Sabon Gari wajajen 1913 domin ma'aikata da 'yan kasuwa daga kudancin ƙasa da sauran ƙasashen Afirka ta Yamma. A Kantin Kwari kuwa, 'yan kasuwar Labanan da Sham ne suka kafa kantuna.

A cikin birni ma sunayen unguwanni na nuna asali, kamar Agadasawa da Tudun Nufawa da Zangon Barebari. Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari sun yi fice a fataucin goro zuwa Gwanja, shi ya sa gidaje da yawa ke da dangi a zangunan Salaga da Kumasi a ƙasar Gana. Wasu kuma danginsu na Mai Wurno a Sudan, inda waɗanda suka yi hijira zuwa gabas bayan yaƙin Burmi na 1903 suka zauna. Saboda haka wanda aka haifa a Fagge yana iya gano cewa bincikensa ya kai shi Agadas ko Kumasi.

Matakan Bincike

1. A fara da dattawan gida, maza da mata. Sau da yawa tsofaffin mata sun fi riƙe auratayya da sunayen dangin uwa. A naɗi maganarsu a waya da izininsu, sannan a rubuta ta a littafi.

2. A rubuta sunan yanka da laƙabi da sana'a da unguwa ko ƙauyen kowane mutum, da sunan wanda ya ba da labarin.

3. A ƙiyasta shekaru da manyan al'amura: Yaƙin Basasar Kano da ya ɓarke a 1893, yunwar 1913 zuwa 1914, annobar mura ta 1918, zamanin Sarki Abbas daga 1903 zuwa 1919, zamanin Sarki Abdullahi Bayero daga 1926 zuwa 1953, zuwan Sarauniyar Ingila a 1956.

4. A tattara takardun gida: na filaye da gonaki, na haraji, na rabon gado, wasiƙun ajami da tsofaffin hotuna. A ɗauki hoton kowacce.

5. A tuntuɓi mai unguwa da dagaci da limamin gari, sannan a shiga intanet.

Inda Ake Samun Bayanai

Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano da ke Gidan Ɗan Hausa tana ajiye da tsofaffin takardun mulki. Akwai kuma Ma'ajiyar Takardun Tarihi ta Ƙasa reshen Kaduna, da Gidan Arewa da aka kafa a Kaduna a 1970 ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello. A waɗannan wurare ake samun rahotannin gundumomi na zamanin En'e, masu ɗauke da tarihin garuruwa da jerin hakimai da dagatai. Gidajen sarauta kuma za su amfana da littafin Tarihin Kano, wanda Palmer ya fassara zuwa Turanci a 1908.

A intanet, Babban Ɗakin Karatu na Birtaniya yana da shiri mai suna Endangered Archives Programme, wanda ya fara a 2004, ya kuma ɗora hotunan wasu tsofaffin takardun Arewacin Nijeriya da kowa zai iya dubawa kyauta. Shafin Commonwealth War Graves Commission yana ɗauke da sunayen sojojin da suka rasu a yaƙin duniya, har da 'yan Nijeriya da suka yi yaƙin Bama tsakanin 1943 da 1945. Shafin FamilySearch, mallakar wata majami'a da ke jihar Yuta a Amurka, kyauta ne, Ancestry da MyHeritage kuwa ana biyan kuɗi kafin a ga cikakken bayani. Zaurukan dangi a WhatsApp da Facebook sun fi saurin haɗa 'yan uwan da suka warwatsu.

Gargaɗi

Kowa na iya rubuta abin da ya ga dama a intanet, don haka kada a karɓi salsala sai an gwada ta da maganar dattawa ko takarda. Gwajin ƙwayoyin halitta da kamfanonin waje ke sayarwa yana ƙiyasta yankin da mutum ya fito ne, ba ya faɗin sunan kaka. A 2023 an sace bayanan mutane kusan miliyan 7 daga kamfanin 23andMe, wanda ya shigar da takardar fatara a kotu a 2025. Kada a ɗora lambar shaidar ɗan ƙasa ko ta banki, ko hotuna da bayanan dangi masu rai, ba tare da yardarsu ba. Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya ta 2023 ta tanadi kariya ga irin waɗannan bayanai.

Ga Jami'an Ƙananan Hukumomi da Masu Sarauta

Takardar da aka buga daga intanet ba ta maye gurbin shaidar mai unguwa da dagaci da hakimi, kuma hukuncin gado na kotu ne. Ana shawartar jami'ai a ƙananan hukumomi 44 na jihar da su adana tsofaffin rajistoci nesa da gara da ɗanshi, su ɗauki hotunansu, su kuma ƙarfafa wa jama'a yin rajistar haihuwar 'ya'yansu a cibiya mafi kusa. Gidan da ke da dattijo mai riƙe da tarihi kuwa, ya kamata ya gaggauta rubuta abin da ya sani tun yana raye.