Lichtentaler Allee: Hanyar Bakin Kogi da Ta Zama Lambu

Tun zamanin Rumawa ake zuwa Baden-Baden, a kudu maso yammacin Jamus, don wanka a maɓuɓɓugan ruwan zafi. Amma duk wanda ya je garin yau, abin da ya fi zama masa a rai shi ne wata hanyar ƙafa mai tsawon kilomita 2.3 da ke bin gaɓar ƙaramin kogin Oos.

Asalinta ba abin a-zo-a-gani ba ne. 'Yar turba ce da mutanen gari ke bi zuwa gidan ibadar mata masu zaman zuhudu na Lichtenthal, wanda aka kafa a 1245. An ce wajen 1655 aka jera mata itatuwa a gefe, ta ci gaba da zama hanyar talakawa kusan shekara ɗari biyu.

Kuɗin caca ne suka sauya ta. Da Faransa ta rufe gidajen caca, wani Bafaranshe mai suna Jacques Bénazet ya taso daga Paris a 1838 ya karɓi hayar gidan cacar Baden-Baden. Shi da ɗansa Édouard sun gane cewa attajiri ba ya yini a bakin tebur. Yana son inda zai miƙe ƙafa, ya ga mutane, a gan shi. Tsakanin 1850 da 1870 aka faɗaɗa turbar ta koma lambu irin na Ingila: filayen ciyawa, ƙananan gadoji na ƙarfe a kan kogin, da itatuwan da aka kawo daga nesa, har ire-irensu suka kai wajen 300. Sarakuna da mawaƙa suka riƙa zuwa hutun rani a garin. A kan wannan hanyar ne, ranar 14 ga Yuli 1861, wani ɗalibi, Oskar Becker, ya harbi Sarki Wilhelm na Prusiya yana tsakiyar yawo. Harsashin ya ɗan shafe shi a wuya, ya tsira.

A 1872 gwamnati ta hana caca a Jamus, kuma a ganina nan ne darajar lambun ta fito. Teburan suka tashi, itatuwan ba su je ko'ina ba, baƙi kuma ba su daina zuwa ba. Aka yi ta ƙari: filin wasan tanis a 1881, gidan zane-zane na gwamnati a 1909, sai lambun Gönneranlage da ya shahara da furannin wardi. A 2004 aka buɗe gidan kayan fasaha na Frieder Burda a cikin lambun, farin gini mai manyan gilasai.

A 2021 UNESCO ta sa Baden-Baden cikin garuruwan wanka 11 na Turai da ta ɗauka gadon duniya. Hanyar kuwa har gobe a buɗe take ga kowa, ba a biyan ko sisi kafin a shiga.