Ƙodar Mamaci da Hannun Mai Cirewa

Asibitin St. Nicholas na Legas ne ya fara dashen ƙoda a Najeriya a shekarar 2000, Asibitin Malam Aminu Kano ya biyo baya a 2002, Maiduguri kuma a 2010. Daga lokacin zuwa yau, kusan duk ƙodar da muka dasa daga jikin mai rai ta fito: ɗa ya ba mahaifinsa, ƙanwa ta ba yayanta. Saboda haka akwai reshen sana'ar nan da yawancinmu sai a littafi ko a ƙasashen waje muka gan shi, wato cire ƙodar mamaci ba tare da an ji mata ciwo ba.

Alhali kuwa da mamaci aka soma. A 1933 wani likitan Yukiren, Yurii Voronoy, ya ɗauki ƙodar mutumin da ya yi awa shida da rasuwa ya dasa wa wata mata a cinya. Ƙodar ba ta yi aiki ba, matar ta rasu bayan kwana biyu. Sai a 1954 Joseph Murray ya yi nasara a Boston, tsakanin tagwaye masu rai. Ƙofar mamata ta buɗe sosai ne bayan 1968, da kwamitin Jami'ar Harvard ya tsara yadda ake tabbatar da mutuwar ƙwaƙwalwa alhali na'ura na riƙe da numfashi. A 1984 Thomas Starzl ya bayyana hanyar cire hanta da zuciya da ƙoda a tiyata guda. Nan cunkoso ya shigo: masu zuciya suna gaba, masu hanta suna biye, ƙoda ce ta ƙarshe, dare ya raba, kowa ya gaji.

Mahauci a karar Birnin Gwari in ya gama fiɗa, kankare kitse yake ya fito da ƙoda tas. A wurinmu wannan tsaftar ita ce ɓarna. Cikin ɗan kitsen da ke tsakanin gindin ƙoda da bututun fitsari akwai siraran jijiyoyin da ke ciyar da bututun. Ka kankare shi, ƙoda za ta yi kyau a ido, bayan 'yan kwanaki bututun ya mutu, fitsari ya riƙa zuba cikin jikin mara lafiya. Ga kuma jijiyar jini: wajen mutum ɗaya cikin huɗu yana da fiye da guda ɗaya, a mamaci kuwa sau da yawa babu hoton da zai gargaɗe ka. An riga an zuba ruwan sanyi da ƙanƙara, jini ya wanke, komai ya yi fari fat, babu bugun da zai nuna maka jijiya. Almakashi ɗaya, ka datse ta. Wani kuma ja yake da ƙarfi, tantanin ƙoda ya yage, ko cikin jijiya ya tsage ba a gani daga waje.

Mutanen Birtaniya ne suka yi jarumtar ƙirga laifinsu. A 1999 mujallar Lancet ta buga binciken Wigmore da abokan aikinsa: ƙoda 19 cikin 100 da aka ciro an ji musu ciwo, amma wajen ɗaya cikin 100 kawai aka kasa dasawa, sauran an dasa su. Wani bincike na 2012 ya nuna ɓarnar ta fi yawa idan sai da zuciya ta tsaya aka soma cirewa, domin a nan tsere ake da mintoci. Maganin da suka samo a 2010 shi ne ware ƙungiyoyi na ƙasa da aikinsu ke nan, dare da rana. Mai cirewa ya rubuta abin da ya gani, mai dasawa ma ya rubuta nasa. A ganina wannan takarda ta fi kowace sabuwar na'ura amfani, don likita bai cika ganin yankan hannunsa ba.

Mu fa? Majalisar Fiƙihu ta Ƙasashen Musulmi ta halatta ɗaukar sassan mamaci da izini tun 1988 a Jidda, Dokar Lafiya ta Najeriya ta 2014 ta ba da dama, an kuma fitar da ƙa'idojin dashe a 2025. Saura a gani a ƙasa. Wanda ya yi hatsari a hanyar da ta ratsa dajin Birnin Gwari, kafin a kai shi Kaduna, tafiyar fiye da kilomita 100 kan titin da shekarun 'yan bindiga suka bari a lalace, ko dai ya rayu ko ya cika a mota, danginsa kuma su yi masa sutura kafin magariba. Ƙodar da ta daɗe cikin gawa babu jini ba ta dasuwa. Mai ciwon ƙoda na garin shi ma wannan titin yake bi zuwa Kaduna ko Shika don wankin ƙoda, in da kuɗi sau biyu ko uku a mako, yana jiran ɗan'uwan da jininsu zai dace.