Shago ko Muhammad Ali? Da wane ma'auni ake gane gwanin gwanaye a dambe?

1/ Jama'a, ku matso kusa. Jiya a majalisarmu a Ƙanƙara musu ya kaure har aka kira Isha'i: wane ne ɗan damben da ya fi kowa a tarihi? Wani ya ce Ali, wani ya ce Tyson. Wani dattijo da ke gefe ya ce, "Yara, ba ku ga Shago ba." Wannan zaren amsata ce.

2/ Mu fara da damben Turawa, don su ma wannan musun ya daɗe yana ba su ciwon kai. Su da sikeli suke aiki. A da ajin nauyi takwas ne, yanzu na maza sun kai 17. Mai kilo 57 ba ya shiga fili da mai kilo 100. To ta yaya za ka ce wane ya fi wane alhali ba su taɓa haɗuwa ba?

3/ Sai suka ɓullo da wata dabara: a ƙaddara duk nauyinsu ɗaya, wa zai yi nasara? Wanda aka fi jingina wa wannan ma'auni shi ne Sugar Ray Robinson. Daga 1943 zuwa 1951 ya yi dambe 91 a jere ba a ci shi ba, kuma sau biyar yana ɗaukar kambun matsakaicin nauyi.

4/ A 1952 Robinson ya haura ajin da ya fi ƙarfin jikinsa, ya tari Joey Maxim a New York. Yana kan gaba a maki, amma zafin daren ya gama da shi, ya kasa fitowa turmi na 14. Ya sha kaye, amma har yau ana lissafa wannan daren cikin abin da ya ƙara masa daraja.

5/ Kafin shi akwai Henry Armstrong, wanda a 1938 ya riƙe kambun duniya uku a aji uku lokaci guda. Manny Pacquiao ya ci kambu a aji takwas. Namu na gida, Dick Tiger, ya ci na matsakaicin nauyi a 1962, ya haura ya ci na gaba da shi a 1966.

6/ Ko kwanan nan, a watan Mayun 2024 a Riyadh, Usyk ya doke Tyson Fury duk da Fury ya fi shi da kusan kilo 18. Ka lura da abu ɗaya: waɗanda ake ɗorawa a sama su ne waɗanda suka tari wanda ya fi su jiki. Shi ya sa wasu masana ke sa Robinson gaban Mayweather, mai nasara 50 ba kaye ko ɗaya.

7/ To mu dawo gida. Dambenmu na gargajiya asalinsa na mahauta ne, kuma da kaka ake yinsa, bayan amfanin gona ya shigo gida. Hannu ɗaya a naɗe da zare, ɗayan na kariya. Turmi uku ake yi. Hannu ko gwiwa ta taɓa ƙasa, an yi kisa. Idan ba wanda ya faɗi, a raba su, babu kisa.

8/ Babu sikeli a fili. Ido ne sikeli. Ka ga wanda kake jin za ka iya da shi, ka nuna shi, in ya yarda ku shiga. Wato abin da Turawa ke ƙaddarawa a takarda, mu a ƙasa muke gwada shi. Sai a shekarun nan ne masu shirya gasa ta zamani suka fara raba 'yan dambe aji-aji bisa nauyi.

9/ Amma akwai abin da suka fi mu: rubutu. Kana iya buɗe waya yanzu ka ga Ali ya yi dambe 61, ya ci 56, an ci shi sau 5, da rana da gari da sunan abokin karawa. Mu fa? Kundin tarihinmu kalangu ne da bakin mawaƙi.

10/ Nan ne Shago ya shigo. Abin da ya sa yaron da aka haifa bayan 2000 ya san sunansa shi ne waƙar Ɗan Anace. Ta wannan hanyar muka san Ɗandunawa da Ado Ɗan Kware. Amma ka tambayi tsofaffi uku yadda karon Shago da Ɗandunawa ya kaya, za ka iya tashi da labari uku.

11/ Akwai hujja ta biyu da ba ta buƙatar takarda. Saurari sunayen 'yan damben yau, ko na Kudu, ko Arewa, ko Guramada: Shagon wane, Shagon wane. Sunan da mutum ɗaya ya ɗaukaka ya zama abin da kowane yaro mai tashe ke son a liƙa masa.

12/ Ga ma'aunina, guda huɗu. Su wa ka kashe? Ka tari wanda ya fi ka jiki? Shekara nawa ka yi ana jin tsoronka? Bayan ka kwance zare, sunanka ya zauna? Da wannan, a damben Turawa na ba Robinson, Ali na biye masa. A namu na ba Shago.

13/ Amma in faɗi gaskiya, hukuncin nan da ɗan rashin adalci. Mawaƙi ba alƙali ba ne, nasa yake kambamawa. Nawa ne a ƙauyukan Faskari, nan bakin iyakar Zamfara, ko can Sabuwa wajen Birnin Gwari, suka zubar da maza amma ba su samu Ɗan Anacensu ba? Sunayensu na kan tsofaffinmu kaɗai.

14/ Kuma kun san halin da yankinmu ya shiga. Tun kafin a kwashe ɗaliban makarantar kimiyya ta Ƙanƙara a Disambar 2020, taron dare ya zama abin tsoro a ƙauyuka da yawa. Garin da ya watse, da labarinsa yake watsewa. Tsohon da ya yi gudun hijira zuwa Funtuwa, wa ke zama ya tambaye shi dambe?

15/ Don haka ga roƙona. In kana da kaka ko kawu da ya ga wancan zamanin, kunna rikodar wayarka, ka ce, "Baba, wa ya fi kowa hannu a garin nan? Wa ya kashe? A wace kasuwa? Zamanin wane hakimi?" Minti goma ya isa.

16/ Ku turo abin da kuka samo, da sunan gari. Wataƙila akwai wanda ya fi Shago a bayan gidanmu, ba mu sani ba. In an kawo hujja, wallahi zan canza jerin nan. Allah Ya jiƙan mazan jiya, Ya dawo mana da zaman lafiya.