Yawon Sallah a Kano: abin da iyalan Fagge da Sabon Gari ke bukatar sani kafin kai yara wurin shaƙatawa

A yawancin gidajen Fagge da Sabon Gari, hutun iyali yini ɗaya ne ko biyu a cikin bukukuwan Sallah ko na Kirsimeti. Ana yi wa yara ado, a tare Adaidaita Sahu, a nufi Gidan Zoo ko wani wurin wasa mai lilo da shillo, a dawo kafin dare. Daga shekarar 2022 zuwa yau, jerin matakan da gwamnatin tarayya da ta jiha da jami'an tsaro suka ɗauka sun sauya tsadar wannan fita, da lokacinta, har ma da wuraren da ake zuwa. Ga bayanin matakan, da yadda kowanne ya shafi shirin magidanci.

Kallon da aka saba yi kyauta

Fagge tsohon zango ne na fatake a wajen ganuwa, Sabon Gari kuwa Turawan mulkin mallaka ne suka keɓe shi wajen shekarar 1913 domin baƙi 'yan kudu. Yau duka biyun suna cikin Ƙaramar Hukumar Fagge, kuma a nan ne nishaɗin zamani ya fara kafuwa a Kano. Silimar Rex ta buɗe a 1937, daga baya aka samu El Dorado a Sabon Gari, da Plaza da Wapa a Fagge. Sunan Wapa ya rage ne a yanzu a matsayin kasuwar 'yan canji.

Babban kallon yankin dai shi ne hawan Sallah, musamman hawan Nasarawa. A al'ada, bayan sarki ya kai wa gwamna ziyara a gidan gwamnati, tawagarsa takan ratso ta Sabon Gari da Fagge a hanyar komawa fada. Iyali ba sa biyan ko sisi: ƙofar gida ko bakin titi ya isa.

Rikicin masarauta ya katse wannan. A ranar 23 ga Mayun 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a dokar da ta rushe masarautun da aka kafa a 2019, ya mayar da Muhammadu Sanusi II, wanda aka tsige a Maris ɗin 2020. Bayan kwana biyu Aminu Ado Bayero ya dawo Kano ya sauka a gidan Nasarawa, maganar kuma ta koma kotu. Rundunar 'yan sandan jihar ta hana hawa a Babbar Sallar 2024, ta sake hanawa a Ƙaramar Sallah da Babbar Sallah na 2025, bisa dalilin tsaro. A tsakanin waɗannan hane-hane ne, cikin Disambar 2024, hukumar UNESCO ta sanya hawan Sallar Kano cikin jerin al'adun duniya da ake alkintawa.

Duk shekarar da babu hawa, yaran da za su watsu a tituna suna kallon dawakai sukan koma wuraren da ake biyan kuɗin shiga. Sanarwar 'yan sanda kan fito ne kwanaki kaɗan kafin Sallah, don haka mai shiri ya tanadi tsari biyu: ɗaya idan an yi hawa, ɗaya idan an hana.

Wuraren da suka rage

Gidan Zoo, wato gidan adana namun daji na Audu Bako, shi ne wurin da talaka ya fi sani. An kafa shi a farkon shekarun 1970, zamanin gwamnan farko na jihar, Audu Bako, wanda ya yi mulki daga 1967 zuwa 1975. Mallakar gwamnatin jiha ne, yana da inuwar itatuwa da filin da yara za su sake, abin da ya yi ƙaranci a tsakiyar birni. Gwamnatin Abdullahi Umar Ganduje ta taɓa sanar da shirin mayar da shi Tiga bisa hujjar cewa gari ya cim masa. Masu suka sun nuna fargabar cewa filin za a yanka a sayar. Gidan dai yana nan a inda yake.

A kan titin kuma akwai rukunin kantunan Ado Bayero da aka buɗe a 2014, wanda ya zama wurin yawon Sallar matasa. A Janairun 2024 kamfanin Shoprite ya rufe reshensa da ke can, yana mai kafa hujja da yanayin kasuwanci. Wanda ya daɗe bai je ba kada ya ɗauka zai tarar da wurin yadda ya bar shi.

Ga mai son fita daga birni, akwai madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka kammala a 1974, mai nisan kimanin kilomita 70 kudu da Kano. Akwai kuma wuraren shaƙatawa na yankin Minjibir, inda Porto Golf Resort yake. Tsohon wurin hutu na Bagauda ya daɗe da komawa harabar Makarantar Horar da Lauyoyi ta Nijeriya. A cikin ganuwa, Dutsen Dala da gidan tarihi na Gidan Makama da marinar Ƙofar Mata suna kusa da Fagge, kuɗin mota zuwa can kaɗan ne, yaro kuma zai dawo da ilimi.

Mai, wuta da canji

A ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur. Litar da ake sayarwa ƙasa da naira 200 a farashin gwamnati ta haura 500 cikin kwanaki, kuma a ƙarshen 2024 ta zarce naira 1,000 a gidajen mai da dama na Arewa. A Yunin 2023 aka saki naira kasuwa ta yi mata farashi, dalar da take wajen naira 460 a hukumance ta wuce 1,500 a 2024. A Afrilun 2024 hukumar kula da lantarki ta ɗaga kuɗin wuta ga masu rukunin A daga kimanin naira 68 zuwa 225 a kan kowane yunit. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a Disambar 2024.

Waɗannan matakai sun taru a kan tikitin yaro ɗaya. Injin lilo da ƙananan motocin wasa da wuta ko janareta suke aiki, kayan gyaransu kuma daga waje ake shigo da su da dala. Mai wurin yana da zaɓi uku: ya ƙara kuɗi, ya rage lokacin hawa, ko ya jinkirta gyara. Na ukun shi ne abin tsoro ga iyaye, domin ba a ganinsa a kan allon farashi.

A ɓangaren samu, mafi ƙarancin albashi na ƙasa ya koma naira 70,000 a Yulin 2024, Jihar Kano kuma ta amince da naira 71,000 ga ma'aikatanta. Sai dai ɗimbin mazauna Fagge da Sabon Gari yaran shago ne da 'yan dako da masu sana'ar hannu a Kantin Kwari da Singa da kasuwar Abubakar Rimi, waɗanda ƙarin bai kai gare su kai tsaye ba.

Hatta masu hali abin ya taɓa su. 'Yan kasuwar da suka saba kai iyali Dubai sun gamu da dakatar da biza da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta yi wa 'yan Nijeriya a 2022, wadda sai a Yulin 2024 aka ɗage. Kuɗin fasfo mai shafi 32 ya koma naira 50,000 a Satumbar 2024, sannan ya ninka zuwa 100,000 a Satumbar 2025. Ga mai 'ya'ya biyar, fasfo kaɗai rabin miliyan ne.

Dokokin hanya

Tun Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa marigayi Sarki Ado Bayero, aka hana acaɓa a birnin Kano, Adaidaita Sahu ya zama abin hawan jama'a. A Yulin 2022 gwamnatin jiha ta hana shi zirga-zirga daga ƙarfe 10 na dare zuwa 6 na safe. Tun kafin wannan lokaci ma, abin hawa yakan yi wuya da magariba a ranakun Sallah, kuɗinsa ya tashi. Hanyar Gidan Zoo daga Fagge ta kan bi ta Ƙofar Nasarawa da gadar Dangi, inda cunkoso yake tsananta da yamma. Wanda ya fita da hantsi ya dawo bayan la'asar ya tsira daga rabin wahalar.

Idan fitar ta faɗo a Asabar ɗin ƙarshen wata, a tuna da tsaftar muhalli, lokacin da ake taƙaita zirga-zirga daga ƙarfe 7 zuwa 10 na safe. Jami'an Hisba, hukumar da dokar jiha ta kafa a 2003, sukan sa ido a wuraren taruwar jama'a kan sutura da cuɗanyar maza da mata, abin da baƙin da suka zo hutu daga wasu jihohi ya kamata a sanar da su tun daga gida.

Lissafi da kariya

Kasafin fita yana da kashi huɗu: kuɗin mota zuwa da dawowa, kuɗin ƙofa, kuɗin hawa kayan wasa wanda galibi daban ake biya, sai abinci da ruwa. Na uku ne yake cinye aljihu, domin yaron da ya hau sau ɗaya zai nemi ƙari. Yana da kyau a yanke wa kowane yaro adadin hawansa tun a gida, a ware kuɗin komawa a aljihu daban, a kuma riƙe tsabar kuɗi, saboda tiransifa takan maƙale a cikin cunkoso. Makwabta biyu da suka haɗa kuɗi suka ɗauki shatar mota ɗaya sun fi masu tarar abin hawa a titi sauƙi. Rana ta huɗu ko ta biyar bayan Sallah ta fi ta farko sarari.

Ɓatan yara a cikin turmutsitsi abu ne da ake gani kowace Sallah. A rubuta lambar wayar uba ko uwa a takarda a saka a aljihun ƙaramin yaro, a nuna wa manyan inda za a haɗu idan an rabu. Kafin yaro ya hau lilo, a duba ko akwai abin ɗaure jiki, ko akwai ma'aikaci a tsaye kusa da makunnin. A bakin ruwa kuwa, kada yaro ya shiga kwalekwale ba tare da rigar kariya ba. Haɗarin Bagwai na ƙarshen Nuwambar 2021, inda jirgin ruwa ya kife a madatsar Watari da mutane da dama, akasarinsu ɗaliban Islamiyya, ya isa izina.

Wa ke da alhaki

Jadawali na huɗu na kundin tsarin mulkin 1999 ya lissafa gina wuraren shaƙatawa da lambuna da filayen jama'a da kula da su cikin ayyukan ƙananan hukumomi. A 2013 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci, a shari'ar da gwamnatin tarayya ta yi da Jihar Legas, cewa ba da lasisi da sa ido kan otal-otal da makamantansu hurumin jihohi ne. A ranar 11 ga Yulin 2024 kotun ta kuma ba da umarnin a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye daga asusun tarayya. Ke nan maganar filin wasan yara tana da masu amsa ta a sakatariyar Fagge da kuma gidan gwamnatin jiha.

Fili kuwa ya daɗe da zama abin jayayyar siyasa a Kano. A Yunin 2023 sabuwar gwamnati ta rushe shagunan da aka gina a filin Idi na Ƙofar Mata da gine-ginen tsohon otal ɗin Daula, tana mai cewa an raba filayen jama'a ba bisa ƙa'ida ba, masu shagunan kuma suka garzaya kotu neman diyya. A 2016 gwamnatin tarayya ta janye shirin gina alƙaryar fina-finai a Ƙofa ta Ƙaramar Hukumar Bebeji bayan adawar wasu malamai. A duk waɗannan muhawarori, ba a cika jin wanda ya tambayi inda yaran Fagge za su yi wasa ba.

Tambayoyin da mazaunin yankin zai iya kai wa kansilansa ko ɗan majalisarsa a bayyane suke. Nawa aka ware wa wuraren wasan yara a kasafin bana, nawa kuma aka fitar? Wace hukuma ce ke duba lafiyar injinan lilo, yaushe ta yi dubawar ƙarshe? Nawa Gidan Zoo yake tarawa a makon Sallah, kashi nawa ke komawa ga abincin dabbobi da gyaran keji? Filayen da aka ƙwato a 2023, wanne aka mayar wurin da yaro zai shiga ba tare da tikiti ba?